Abin da Ke Durƙusar da Kwamfuta Yayin Nazarin Wasan Ces

Wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, ya daɗe da zama fagen da na'ura ta fi ɗan Adam ƙarfi, domin tun daga watan Mayun 1997, lokacin da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a birnin New York na Amurka, tazarar sai ƙara faɗi take yi, har ta kai manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta a kwamfutarsa ta gida a yau ta fi wancan ƙaton inji gwaninta nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa da wuya a sami ɗan wasan da ya ɗauki abin da muhimmanci, ƙwararre ne ko ɗalibi, wanda ba ya komawa ga irin wannan manhaja bayan kowace karawa domin ta nuna masa inda ya yi sake da kuma takun da ya kamata a ce ya yi. Sai dai akwai wata matsala da ta zama ruwan dare tsakanin masu wannan nazari, wato kwamfutar da take aiki lafiya lau wajen rubutu da kallon bidiyo da shiga intanet, da zarar an ɗora mata nazarin ces sai ta daskare, ko ta mutu, ko ta sake kunna kanta ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Yawancin masu irin wannan kwamfuta sukan ɗora wa manhajar laifi, su goge ta su sake sakawa, ko su kai wa mai gyara ya yi wa kwamfutar fomatin, sannan matsalar ta dawo kamar ba a yi komai ba. Dalili kuwa shi ne a mafi yawan lokuta cutar tana jikin kwamfutar tun kafin manhajar ta zo, nazarin ces tona asirinta kawai ya yi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin a gano bakin zaren, wajibi ne a san cewa abin da ake kira manhajar nazarin ces a haƙiƙa manhajoji biyu ne da ke aiki tare. Ta farko ita ce wadda ido ke gani, mai zana allon wasa da 'ya'yansa a fuskar kwamfuta, mai kuma adana wasannin da aka buga, irin su Arena da Scid da Fritz da ChessBase. Ta biyu kuwa ita ake kira inji, ba ta da hoto ko kaɗan, aikinta lissafi ne zalla. Suna magana da juna ne ta wata ƙa'ida mai suna UCI, wadda Rudolf Huber da Stefan Meyer-Kahlen suka fitar a shekarar 2000, inda mai allon ke aika wa injin yanayin da wasa yake ciki a rubuce, shi kuma ya riƙa mayar mata da takun da ya fi gamsuwa da shi da makin da ya ba kowane ɓangare. Injin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Stockfish, wanda Marco Costalba ya fara fitarwa a 2008 bisa tushen wani inji na Tord Romstad mai suna Glaurung, kuma har yau masu aikin sa kai ne ke raya shi.

Nauyin da inji ke ɗora wa kwamfuta ya samo asali ne daga yanayin wasan kansa. A tsakiyar wasa ɗan wasa yakan sami taku kusan 30 da doka ta yarda masa, abokin karawarsa ma yana da martani kusan 30 ga kowane ɗaya daga cikinsu, saboda haka duba taku ɗaya na kowane ɓangare kawai yana haifar da yanayi kusan 900, duba biyu-biyu kuma ya haura 800,000. Injin zamani yana datse mafi yawan rassan da ya ga ba za su kai ko'ina ba, amma duk da haka yana auna miliyoyin yanayi a kowace daƙiƙa, kuma idan aka sa shi nazari marar iyaka ba ya tsayawa sai an tsayar da shi. Furosesa, wato guntun da ke yin dukkan lissafin kwamfuta, yana ɗauke da ƙwayoyi da yawa waɗanda kowacce ke iya aiki ita kaɗai, kuma ayyukan yau da kullum sukan tashe su ne na ɗan lokaci su koma hutawa, alhali injin ces yana riƙe duk ƙwayar da aka ba shi a bakin aiki kashi 100 cikin 100 na tsawon sa'o'i. Tun daga Stockfish 12 na shekarar 2020 kuma injin ya koma auna yanayin wasa da wata dabara mai suna NNUE, wadda ƙaramar ƙwaƙwalwar lissafi ce da aka horar da ɗimbin yanayin wasanni, tana kuma amfani da umarni na musamman irin su AVX2 da ke sa furosesa yin lissafi da yawa a bugu ɗaya, abin da ke ƙara masa shan wuta da fitar da zafi. Kaɗan ne daga cikin ayyukan da mutum ke yi a gida suke wahalar da kwamfuta haka.

Tambayar farko da ya kamata mai matsala ya yi wa kansa ita ce, mene ne ainihin abin da ya mutu? An gina tsarin Windows da Linux da macOS ne ta yadda manhaja ta gama-gari, irin injin ces, ba ta da ikon taɓa kayan cikin kwamfuta kai tsaye, ba ta kuma iya kutsawa hurumin wata manhajar, kuma idan ta yi kuskure tsarin yakan kashe ta ita kaɗai ya ci gaba da harkarsa. Ke nan idan nazari ya tsaya amma linzamin kwamfuta yana motsi kuma sauran manhajoji suna aiki, akwai yiwuwar laifin yana ga injin ko saitinsa. Idan kuwa kwamfutar gaba ɗaya ce ta ɗauke, ko fuskarta ta yi shuɗi da saƙon kuskure, ko ta sandare har sai an danne maɓallin kashewa, to ya kamata a cire injin daga zargi a juya ga zafi, da wuta, da ma'adana, da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke shiga tsakanin tsarin kwamfuta da kayan cikinta. Wannan rabe-rabe shi kaɗai yana rage wa mutum rabin wahala.

Idan injin kaɗai ya mutu

Abin da ya fi saurin kashe inji, wani lokaci tun kafin ya nuna taku ko ɗaya, shi ne sauke nau'in da bai dace da furosesa ba. Masu Stockfish suna fitar da shi a nau'o'i da dama, kowanne an dafa shi ne domin wani rukunin furosesa, sunayensu na ƙarewa da kalmomi irin su avx2 da bmi2 da avx512, kuma mutane da yawa sukan zaɓi wanda suka ji an ce ya fi sauri ba tare da sun duba ko kwamfutarsu za ta ɗauka ba. Umarnin AVX2 ya shigo furosesan Intel ne a 2013, saboda haka kwamfutocin gwanjo da suka girmi wannan shekara, waɗanda har yanzu suna cike da kasuwanni, ba su san shi ba, haka ma wasu ƙananan furosesa na Celeron da Pentium da suka fito bayan nan. Da zarar furosesa ya ci karo da umarnin da bai sani ba, Windows yakan kashe injin nan take ya rubuta lambar 0xc000001d a kundinsa. Maganin mai sauƙi ne, domin ƙaramar manhaja kamar CPU-Z tana nuna jerin umarnin da furosesa ya iya, sai a sauke nau'in da ya dace, ko da kuwa mafi ƙanƙanta ne mai suna x86-64.

Na biyu shi ne saitin da ake kira Hash. Da yake ana iya isa yanayi ɗaya ta hanyoyi daban-daban, inji yakan ware wani fili a cikin ram, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kansa yanzu, ya riƙa rubuta sakamakon yanayin da ya riga ya auna domin kada ya maimaita aiki. Stockfish yana zuwa da megabait 16 kacal, wanda ya yi kaɗan ga dogon nazari, amma ƙara shi ba tare da lissafi ba ya fi barinsa haɗari. Kwamfuta mai ram na gigabait 8 da aka ba injinta 7, alhali Windows da manhajar shiga intanet sun riga sun cinye kaso mai tsoka, dole ɗayan biyu ya faru: ko injin ya kasa samun filin ya fita, ko tsarin ya fara kwashe kaya daga ram yana zubawa a faifan ajiya, wanda ya fi ram nawa ninkin-ba-ninkin, sai kwamfutar ta yi nauyi har a zaci ta daskare. A Linux tsarin yakan zaɓi manhajar da ta fi cin ma'adana ya kashe ta. Abin da hankali zai ɗauka shi ne kada a wuce rabin ram, a kuma tuna cewa idan aka buɗe injina biyu ko uku lokaci guda, kowanne yana ware nasa filin ne daban.

Akwai kuma wasu dalilai biyu da ba a cika kawo su a rai ba. Stockfish yana ɗauka cewa duk yanayin da aka miƙa masa halastacce ne a dokar wasa, don haka idan mutum ya jera allo da hannunsa ya manta da sarki ɗaya, ko ya ba da izinin wani taku da ba zai yiwu ba, injin yana iya faɗuwa, musamman idan manhajar allon ba ta tantance kafin ta aika ba. Sai kuma teburan ƙarshen wasa, wato manyan fayiloli masu ɗauke da cikakkiyar amsar kowane yanayi da 'ya'yan wasa suka rage kaɗan a allo. Waɗanda aka fi amfani da su, masu suna Syzygy, Ronald de Man ne ya fitar da su a 2013. Na 'ya'ya biyar zuwa ƙasa ba su kai gigabait 1 ba, na shida sun kusa gigabait 150, na bakwai kuwa sun haura tarabait 16. Fayil ɗaya da ya lalace wajen saukewa, abin da ke faruwa sosai inda intanet ke yawan yankewa, ya isa ya riƙa kashe inji duk lokacin da lissafi ya kai gare shi. Alamarsa ita ce injin yana aiki lafiya a farkon wasa, sai allo ya fara yin fili yake mutuwa, kuma cire adireshin teburan daga saiti na ɗan lokaci yana tabbatar da zargin ko ya kore shi.

Stockfish yana da wani gwaji a jikinsa da ya cancanci kowane mai amfani da shi ya sani. Idan aka buɗe fayil ɗin injin kai tsaye ba tare da manhajar allo ba, wata baƙar taga za ta fito, sai a rubuta kalmar bench a danna maɓallin shigarwa. Injin zai bi ta kan wasu yanayi da aka tanada a cikinsa cikin 'yan daƙiƙoƙi, a ƙarshe ya rubuta jimillar yanayin da ya auna da kuma saurinsa. Muhimmancin wannan jimilla shi ne ba ta canzawa, domin da zare ɗaya, wato layin aiki guda a cikin furosesa, ake yin lissafin kuma hanya ɗaya yake bi, saboda haka Stockfish mai lamba ɗaya yana ba da adadi ɗaya a kan kowace lafiyayyar kwamfuta a duniya. Idan gwajin ya kammala lafiya amma nazari yana mutuwa a cikin manhajar allo, sai a gwada wata manhajar allon. Idan kuwa aka maimaita gwajin sau da yawa aka ga adadin yana sauyawa, to kwamfutar tana kuskuren lissafi ne, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi a kan kayan cikinta.

Zafi da ƙura

A cikin abubuwan da ke kashe kwamfuta ɗungurungum, zafi ne kan gaba. Kowane furosesa yana da iyakar zafin da aka yanka masa, wanda a yawancin na Intel digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas, a yawancin sababbin Ryzen na AMD kuma 95. Idan ya kusanci iyakar yakan rage gudunsa da kansa domin ya huce, idan hakan bai wadatar ba sai kwamfutar ta ɗauke wuta gaba ɗaya ba tare da wani saƙo ba, domin kare kanta daga ƙonewa. Mai nazarin ces yana da wata dama da sauran masu kwamfuta ba su da ita, domin manhajar allo tana nuna saurin inji a kowane lokaci, kuma wanda ya lura zai ga adadin ya fara da ƙarfi, bayan 'yan mintoci fanka ta ɗauki ƙara, adadin ya zube ƙasa sosai, daga nan sai mutuwa ta biyo. Manhajoji irin su HWiNFO da Core Temp suna nuna zafin kowace ƙwaya, kuma buɗe ɗaya daga cikinsu a gefe yayin da nazari ke gudana ya fi duk wani hasashe amfani.

A nan ne mazaunin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yake da ƙarin dalilin kula. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take ja ta hura a kan siraran ƙarafan da ke kwashe zafi daga furosesa, don haka a watannin bazara, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40, kwamfutar da za ta yi aiki lafiya a ɗaki mai sanyi tana farawa ne da gibin digiri 15 ko 20. Hunturu kuma yana barin nasa tabon, domin ƙurar hazo mai laushi tana bin iska ta taru a bakin ƙarafan nan har ta zama dunƙule kamar auduga, ta toshe mafitar iska, fanka tana juyi amma zafin yana nan a ciki. Ga kuma al'adar ɗora kwamfutar cinya a kan katifa ko darduma ko matashi, wanda ke rufe ramukan shan iska da ke ƙarƙashinta. Tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kansa akwai wani ɗan man shafawa mai kauri da ke cike gurbin da ido ba ya gani, kuma bayan shekaru yakan bushe ya farfashe, abin da ya kamata duk mai kwamfutar gwanjo ya ɗauka ya riga ya faru. Share ƙura da sabunta wannan mai aiki ne mai araha da kowane mai gyara na kirki ya iya, sai dai a riƙe fikafikan fanka yayin hura iska domin kada ta yi juyin da zai lalata ta.

Akwai kuma sassauci ta fuskar saiti. Saitin Threads shi ne adadin zaren aiki da inji zai yi amfani da su, kuma furosesa da yawa suna nuna zare biyu a kan kowace ƙwaya, ta yadda mai ƙwaya 4 zai nuna 8. Ba wa inji dukkan zaren yana hana tsarin kwamfuta wurin numfashi, har manhajar allon kanta ta riƙa maƙalewa, alhali barin ɗaya ko biyu ba ya rage wani abin kirki. A cikin saitin wutar Windows kuma akwai wurin da ake iyakance ƙarfin furosesa, inda mayar da shi kashi 99 maimakon 100 yake hana kwamfutoci da yawa shiga gudun wuce kima da ake kira turbo, zafi ya sauka sosai. Bai kamata mai nazari ya ji ciwon wannan ragi ba, domin injin da aka rage wa gudu da kashi 20 cikin 100 zai isa zurfin da ake so, ɗan jira kawai zai ƙaru, amma injin da ya mutu a tsakiyar dare ya tafi da duk abin da ya tara a ma'adana.

Wuta da ma'adana

Lokacin da mutuwar ke faruwa yana ba da haske a kan dalilinta. Zafi yana buƙatar mintoci kafin ya taru, saboda haka kwamfutar da ke ɗaukewa a daidai lokacin da aka danna fara nazari ta fi kama da mai matsalar wuta, domin a wannan daƙiƙa ce furosesa ke tashi daga shan wuta kaɗan zuwa iyakar abin da zai iya sha. A kwamfutar tebur akwatin da ke rarraba wuta yana raunana da tsufa, musamman mai araha, har ya kasa ɗaukar irin wannan tsalle. A kwamfutar cinya kuwa sau da yawa caja ce, domin wadda aka ƙera wa cajar wat 65 ko 90 aka haɗa ta da ta wat 45, ko da jabu, takan cike gibin daga batir, idan batir ɗin ya mutu kuma babu inda za ta nufa sai ɗaukewa. Inda wutar gari ke hawa da sauka, ko ake sauyawa tsakaninta da janareta da inbata, ƙiftawar da ba za ta dami kwamfutar da ke hutawa ba tana iya kashe wadda ke tsakiyar aiki, kuma na'urar UPS, mai riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ita ma ba ta da amfani idan batirinta ya tsufa ko ƙarfinta bai kai abin da kwamfutar ke ja ba.

Mutuwar da ba ta da tsayayyen lokaci, yau bayan minti biyar gobe bayan sa'a uku, ram ya kamata a fara tuhuma a kanta. Inji yana karatu da rubutu a warwatse ko'ina cikin filin Hash ba ƙaƙƙautawa, yana taɓa sassan ram da ayyukan yau da kullum ba sa kaiwa gare su. Kuskuren da ya faɗa cikin filin kansa injin yakan jure shi sau da yawa, domin yana tantance takun da ya ɗauko daga can kafin ya yi aiki da shi, amma wanda ya faɗa a kan bayanan Windows shi ne ke kawo shuɗiyar fuska. Ana gwada ram da manhajar MemTest86 ko MemTest86+, waɗanda ake tayar da kwamfuta da su daga filashi a bar su su zagaya sau da yawa, kuma kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja. Idan sandunan ram biyu ne sai a cire ɗaya a gwada kowanne shi kaɗai. Wani lokaci ram ɗin lafiyarsa ƙalau, gudun da aka ɗora masa ne ya yi yawa, domin saitin XMP ko EXPO da ke cikin BIOS, wato manhajar da ke tashin kwamfuta kafin Windows, yana tura shi sama da gudunsa na asali. Duk wani ƙarin gudu ko ragin wuta da aka yi wa furosesa ko ram ya kamata a mayar da shi yadda ya zo daga kamfani kafin a ci gaba da bincike.

Ba a rasa lokacin da aibin yake daga masana'anta. A watan Yulin 2024 kamfanin Intel ya amince cewa wasu furosesansa na kwamfutar tebur na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta wuce kima, abin da ke lalata su a hankali har su fara durƙushewa a kan aiki mai nauyi. Kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS a watannin Agusta da Satumba na shekarar, ya kuma ƙara shekara biyu a kan wa'adin garanti, sai dai gyaran yana hana lalacewa ne nan gaba, ba ya warkar da wanda ya riga ya lalace. Masu amfani da Leela Chess Zero, injin da aka fara a 2018 bisa tafarkin AlphaZero na kamfanin DeepMind, su kuma matsalarsu takan fito ne daga katin hoto, domin a kansa wannan inji ke lissafi. Windows yana ba katin daƙiƙa 2 ya amsa kira, idan bai amsa ba ya sake tayar da direbansa, fuska ta yi baƙi ta dawo, injin kuma ya mutu; sabunta direba, da zaɓar ƙaramin fayil ɗin ƙwaƙwalwa da ya dace da ma'adanar katin, su ne matakan farko.

Shaidar da kwamfuta ke bari

Kwamfuta ba ta cika mutuwa ba tare da ta bar rubutu ba, kuma abin takaici ne yadda fomatin ke share wannan shaida kafin kowa ya karanta ta. A cikin Windows akwai kundi mai suna Event Viewer da ke rubuta abin da ya faru da lokacinsa. Idan manhaja ce ta faɗi za a ga shigarwa mai lamba 1000 ɗauke da sunan fayil ɗin da ya yi kuskure, wanda ke bambance ko injin ne ko manhajar allo. Idan kwamfutar ce ta mutu za a ga Kernel-Power mai lamba 41, wadda mutane da yawa ke ɗauka sunan cutar ne, alhali abin da take faɗa kawai shi ne kwamfutar ba ta mutu ta hanyar da ta dace ba. Amfaninta yana cikin bayanan da ke ƙasanta, domin idan lambar kuskuren da ke wurin sifili ce, Windows bai sami damar cewa komai ba ke nan, abin da ke nuni ga yankewar wuta ko zafi ko sandarewa. Saƙon shuɗiyar fuska, wadda a sababbin Windows 11 ta koma baƙa, shi ma yana da ma'ana: WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR da CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT sun fi karkata ga furosesa da wutarsa, MEMORY_MANAGEMENT ga ram, VIDEO_TDR_FAILURE kuma ga katin hoto. Ɗaukar hoton saƙon da waya kafin ya ɓace ɗabi'a ce da ya kamata a saba da ita.

Abin da ke ɓata bincike fiye da komai shi ne canza abubuwa da yawa a lokaci guda, domin wanda ya rage Hash, ya sauya caja, ya kuma share ƙura a rana ɗaya, ko da matsalar ta tafi bai san abin da ya kore ta ba, kuma ba zai san inda zai nufa ba ranar da ta dawo. Hanyar da ta fi inganci ita ce a koma ƙasa, zare ɗaya da Hash na megabait 16 ba tare da teburan ƙarshen wasa ba, a zaɓi yanayin wasa guda a riƙa gwaji da shi, sannan a riƙa ƙara abu ɗaya a kowane zagaye ana rubuta zafi da tsawon lokacin da nazari ya yi, har a kai matakin da kwamfutar ta faɗi. Ana kuma iya ɗora mata wani gwajin nauyi da ba shi da alaƙa da ces, kamar manhajar Prime95, domin idan ita ma ta kashe ta, maganar inji ta ƙare. Wanda ya share ƙura, ya tabbatar da wutarsa, ya mayar da BIOS saitin asali, amma kwamfutarsa ta ci gaba da mutuwa ko adadin bench ya ci gaba da sauyawa, to wani abu ne a cikinta ya lalace, sai ya kai wa mai gyara tare da hoton saƙon kuskuren da bayanan zafin da ya rubuta, ya kuma nemi a gwada ram da akwatin wuta ko caja ɗaya bayan ɗaya kafin ya yarda a yi mata fomatin.